Geisha: Mece Ce Sana'arta, Kuma Yaya Ake Horar da Ita?

"Assalamu alaikum Anti. Na ga hoton wasu matan Japan da suka shafe fuska da farar hoda, aka ce mini geisha ake kiransu. Wata ƙawata ta ce karuwan gargajiya ne kawai aka yi wa ado, ni kuma na ji an ce shekaru suke yi suna koyo kafin su fara aiki. Don Allah ke da kika zauna can, mece ce gaskiyar magana? Me suke koya, kuma yaya rayuwarsu take?" Wata mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko, ko geisha karuwa ce kamar yadda ƙawarki ta faɗa. Ta biyu, wane irin koyo ne wannan da yake cin shekaru. Bari in ba ki amsar ta farko tun yanzu don ki karanta sauran da natsuwa: a'a. Geisha mace ce da ta ƙware a rawa da kiɗa da waƙar gargajiyar Japan da iya karɓar baƙi, kuma wannan ƙwarewar ake biya. Sunan ma abin da yake nufi ke nan, "gei" fasaha, "sha" mutum, wato ma'abociyar fasaha. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Akwai abubuwa a tarihin sana'ar da suka sa mutane da yawa, har a cikin Japanawa, suke tunani irin na ƙawarki, kuma ba zan ɓoye miki su ba.

Ki fara sanin daga inda nake magana. Na yi shekaru a Kiyoto ina karatu, ina kuma taɓa aikin tafinta. A lokacin na koyi al'adar haɗa shayi a hannun wata tsohuwa da ta yi geisha a ƙuruciyarta kafin ta yi aure ta bari. Na kalli rawarsu a kan dandamali sau da dama, na kuma zauna a liyafarsu sau biyu ina yi wa baƙi tafinta. Amma ban taɓa kwana a gidan da ake renonsu ba, ban kuma ɗauki horonsu ba. Abin da zan faɗa na cikin gida daga bakin malamata ne da abin da na karanta, kuma galibinsa tsarin Kiyoto ne, domin kowane gari da nasa.

Inda aka faro

Abin da zai ba ki mamaki shi ne geisha na farko maza ne. A zamanin Edo, wanda ya kama daga 1603 zuwa 1868, gwamnati ta killace wasu unguwanni na shaƙatawa, irin su Yoshiwara a birnin da yanzu ake kira Tokiyo da Shimabara a Kiyoto. A can akwai manyan karuwai masu daraja-daraja, waɗanda ake kira oiran ko tayu, akwai kuma wasu maza makaɗa masu ban dariya da suke ɗebe wa baƙo kewa kafin ta fito. Su aka fara kira geisha. Wajen 1750 mata suka fara shiga wannan aiki, kafin a jima sun rinjayi mazan.

A 1779 aka kafa ofishi a Yoshiwara, mai suna kenban, don yi wa geisha rajista da sa musu ido. Dokarsa a fili take: geisha ta yi kiɗa, ta yi rawa, amma kada ta shiga gonar karuwa. An hana ta ado mai ƙyalƙyali, an hana ta zama kusa da baƙo, an ce su riƙa zuwa liyafa bibbiyu ko uku-uku. Ba don tausayinsu aka yi ba, don kare cinikin masu gidajen karuwai ne, amma sakamakonsa shi ne sana'o'in biyu suka rabu a doka tun sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. Har a sutura an bambanta su: oiran a gaba take ɗaura ɗamararta, geisha a baya. In kika ga hoton mace da tulin tsinkayen gashi kamar rassan itace da ƙaton ƙulli a kan ciki, wannan oiran ce. Kama da wane ba ta wane.

A Kiyoto ba ma sa cewa geisha, geiko suke cewa, yarinya mai koyo kuma maiko. Unguwanninsu ana kiransu hanamachi, wato garin furanni, kuma guda biyar ne a birnin: Gion Kobu, Gion Higashi, Pontocho, Miyagawacho da Kamishichiken. Tokiyo na da nata, irin su Shimbashi da Asakusa da Kagurazaka, haka ma Kanazawa. A shekarun 1920 yawan geisha a ƙasar ya kai kimanin 80,000. Yau ƙiyasin da ake yi bai wuce dubu ɗaya ko makamancin haka ba.

Shekarar tsintsiya

Yarinyar yau da kanta take neman shiga, da yardar iyayenta, kuma sai ta gama ƙaramar sakandare, wato tana da shekara 15, don karatun dole ne a dokar Japan. A Tokiyo galibi sai ta kai 18. Yawancinsu ma ba 'yan Kiyoto ba ne, daga wasu jihohi suke zuwa bayan sun ga maiko a talabijin ko a yawon makaranta. Idan an karɓe ta, sai ta tare a gidan da ake kira okiya. Gida ne na mata zalla, mai gidan kuma ana kiranta okasan, wato uwa. Duk wadda ta riga ta shiga sana'ar, ko da kwana ɗaya ne, onesan ce, wato yaya. Ba shekarun haihuwa ake dubawa ba, ranar fara aiki ake dubawa.

Matakin farko sunansa shikomi, yana ɗaukar wata shida zuwa shekara. Babu hoda, babu siliki. Shara ce da wanke-wanke da aike, da riƙe wa yayye kaya, da jiran dawowarsu daga aiki da ƙarfe ɗayan dare don ta taya su cire kimono, wato doguwar rigar gargajiyar Japan, ta ninke. Ita ce ta ƙarshen kwanciya, ita ce ta farkon tashi. Da safe kuma tana zuwa darasin rawa. A nan ne mafi yawan masu guduwa suke guduwa, kuma ban ga laifinsu ba: yarinya ce 'yar shekara 15, nesa da uwarta, ba waya a hannu a yawancin gidaje, hutu kwana biyu a wata.

Abin da malamata ta ce ya fi ba ta wahala ba aikin gida ba ne, harshe ne. Unguwannin nan suna da nasu karin harshen na tsohon Kiyoto, mai taushi da jan murya, dole yarinya ta zubar da na garinsu ta ɗauki wannan. Kalmomi uku ne suke fara zama a bakinta: "okini", na gode, "sunmahen", a gafarce ni, "otanomoshimasu", ina neman alfarma. Tana faɗinsu ɗaruruwan sau a rana, ga uwar gida, ga yayye, ga mai sayar da kayan shayi, ga duk wanda ta gamu da shi a lungu. Sai kuma zama. Durƙushe ake zama a kan tabarma, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin jiki, kusan yadda muke zaman tahiya a salla, amma na awa biyu ko uku, sannan a miƙe tsam ba tare da dafa ƙasa ba, ba tare da fuska ta nuna ƙafa ta mutu ba. Ni da nake ganin na saba da zaman tahiya, a darasin shayi na farko minti ashirin na yi ƙafata ta daina ji. Malamata, tana da shekara sama da saba'in, ta miƙe kamar an zare ta da zare.

Idan ta ci jarrabawar rawa, sai ta shiga matakin minarai na kimanin wata guda. Ma'anar kalmar koyo ta hanyar kallo. Za a yi mata kwalliya, ta bi yayarta zuwa liyafa, ta zauna ta zuba ido: yadda ake buɗe ƙofa a durƙushe, wa ake fara gaisarwa, yaushe ake magana, yaushe ake shiru. Ba wanda zai zaunar da ita ya yi mata bayani dalla-dalla. Duk wanda ya taɓa koyon sana'a a hannun mai ita, ko rini ko ɗinki ko ƙira, ya san wannan hanyar.

Daga nan sai ranar fitowa, misedashi. A al'adance ita da yayar da za ta ɗauki nauyinta suna shan giyar shinkafa kurɓi uku-uku daga ƙananan kofuna uku, irin yadda ango da amarya suke yi a auren gargajiyar Japan, don nuna zumuncin ya ƙullu. Za a ba ta sabon suna mai ɗauke da wani yanki na sunan yayar, shi ya sa a gida ɗaya za ki ji sunaye da yawa sun fara da "Mame" ko "Ichi". Kwana uku tana sanye da baƙin kimono mai tambarin gida, tana bin gidajen shayi, inda ake yin liyafa, ɗaya bayan ɗaya tana gaisuwa. Daga ranar, duk kuskuren da ta yi yayar ce za ta je ba da haƙuri.

Abin da ake koya

Rawa ce ginshiƙi. Kowace unguwa tana da makarantar rawar da take bi, ba a haɗawa. Gion Kobu na bin salon Inoue, Pontocho na Onoe, Miyagawacho na Wakayagi, Kamishichiken na Hanayagi, Gion Higashi na Fujima. In kin ji rawa kada ki kawo tsalle da girgiza a ranki. Salon Inoue, wanda na fi sani, a hankali ake yinsa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙugu a ƙasa, ƙafa tana jan tabarma ba a ɗaga ta, fuska a ɗaure ba murmushi. Maficin hannu shi ne yake ba da labari: a buɗe shi rabi a karkata, ya zama kofi, a sauke shi yana karkarwa, ya zama ganye yana faɗowa, a ɗaga shi sama da kai, ya zama wata ya fito. Karon farko da na kalla, na ɗauka abu ne mai sauƙi. Da malamata ta sa na gwada tsayuwar kawai, cinyoyina suka hau rawa kafin minti biyu.

Sai kiɗa. Babban kayan kiɗansu shamisen, mai tsirkiya uku da dogon wuya da ƙoƙo mai kusurwa huɗu da aka rufe da fata. In kin san molo, to kin kusa gane shi, sai dai da wani faffaɗan abu ake bugunsa. Akwai ƙananan ganguna, ɗaya ana ɗora ta a kafaɗa ana matsa igiyoyinta don sauya sauti, akwai sarewa, akwai nau'o'in waƙa masu tsawo da gajeru. Ana koyon haɗa shayi, wasu su ƙara da rubutun hannu da jeren furanni. A Gion Kobu makarantar da suke zuwa sunanta Yasaka Nyokoba Gakuen, kuma ba a gama ta. Geiko 'yar shekara sittin tana zuwa darasi kamar yadda 'yar sha shida take zuwa. Daga baya mace takan zaɓi ɓangarenta, ko ta zama mai rawa, tachikata, ko mai kiɗa da waƙa, jikata. Masu kiɗan su ne suka fi daɗewa a sana'ar, su ne kuma suka fi ƙaranci yanzu, don shamisen ba ya nuna a hannu da wuri.

Wanda yake son ganin sakamakon wannan horo ba sai ya shiga liyafa ba. Kowace unguwa tana da wasan shekara a ɗakin wasanta, kowa zai iya sayen tikiti. Mafi shahara shi ne Miyako Odori na Gion Kobu, da ake yi a watan Afrilu. An fara shi a 1872, lokacin baje kolin Kiyoto, don farfaɗo da birnin bayan sarki ya koma Tokiyo ya bar shi cikin sanyin jiki, kuma Inoue Yachiyo ta uku ce ta tsara rawar. Na Pontocho a watan Mayu ake yi, na Gion Higashi a Nuwamba.

Kwalliya tana magana

Matan da kika gani a hoto, in adonsu ya yi yawa da launi, kusan tabbas maiko ne, wato ɗalibai. Wanda ya san kan abin yana kallon yarinya ya gaya miki shekararta ta nawa a koyo da watan da ake ciki. A shekarar farko leɓen ƙasa kawai take shafa wa jan-baki. Wuyan rigarta ja ne da ɗinkin fari, farin yana ƙaruwa yadda take girma. Hannun kimononta dogaye ne har kusan ƙasa, da ɗan naɗi a kafaɗa irin na rigar yara, don tuna wa baƙo cewa yarinya ce. Ɗamararta ta fi mita biyar, tana reto a baya da tambarin gidansu a ƙarshenta, kuma nauyinta da taurinta ya sa namiji ne yake zuwa ɗaura mata, wani mai sana'ar sa kaya da ake kira otokoshi. Cikin 'yan mintuna yake gamawa ya wuce gida na gaba. Takalminta na katako ne mai tsawon santimita goma.

Hodar kuwa, sai an fara murza wani kaki a fuska da wuya, sannan a dama farar hodar da ruwa a shafa da burushi. A dokin wuya ana barin fata tsirara a siffar yatsu biyu, ranar babban biki uku. Asalin farin daga zamanin fitilar kyandir ne, lokacin da fuska ba ta fitowa a ɗaki mai duhu sai an haska ta. A da akwai dalma a cikin hodar, ta kuma lalata fatar mata da yawa. Ta yau babu.

Gashin maiko nata ne na kanta. Sau ɗaya a mako take zuwa wurin mai gyaran gashi, a ja shi da kaki a ɗaure, sannan ta yi kwana shida ko bakwai tana barci a kan wani ɗan matashi mai ƙafar katako da ake tokarawa a ƙarƙashin wuya don kada gyaran ya rushe. Malamata ta taɓa sunkuyar da kai ta nuna mini wani ɗan sanƙo a tsakiyar kanta, bai fi girman kwabo ba, inda shekarun jan gashi suka cinye. Ta nuna mini shi ne da alfahari, yadda tsohon soja yake nuna tabo.

Abin da na fi so a duk adon shi ne furannin siliki da suke sokawa a gashi, domin kalanda ce. Fabrairu furen ume, Afrilu furen sakura, Yuli ƙananan mafitai, Nuwamba jajayen ganyen kaka. A sabuwar shekara ana ƙara zangarniyar shinkafa ta gaske da 'yar farar kurciya. A Disamba kuma akwai wasu ƙananan alluna biyu, kwaikwayon allunan da ake ratayewa a gidan wasan Minamiza, maiko ta kai wa 'yan wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki da take so su rubuta mata sunansu a kai.

Bayan kimanin shekara biyar, tana da ashirin ko ashirin da ɗaya, sai a yi bikin erikae, wato juya wuyan riga daga ja zuwa fari. Makonni kaɗan kafin nan tana yin wani gyaran gashi na ban-kwana, wasu har su baƙanta haƙora irin na matan da, sannan uwar gida ta sa almakashi ta ɗan yanke ƙullin gashin. Daga ranar ta zama geiko: hular gashi maimakon nata, kimono mai natsattsen launi, gajeren hannu, ƙaramin ƙulli a baya. An cire mata duk abin da yake jan ido, saura abin da ta iya.

Daren aiki

Da misalin ƙarfe shida na yamma aiki yake farawa, a gidajen da ake kira ochaya. Sunan yana nufin gidan shayi, amma ɗakunan liyafa ne, abincin ma daga waje ake kawowa. Ba a shiga don ana da kuɗi. Ƙa'idarsu ita ce ba a karɓar baƙon ido, sai wani tsohon abokin hulɗa ya kawo shi ya tsaya masa. Dalili kuwa, ba a biya a daren. Gidan ne yake biyan komai, har kuɗin mota, daga baya ya aika da takardar lissafi. In baƙo ya ƙi biya ko ya yi rashin ɗa'a, wanda ya kawo shi ne a ciki. Kuɗin lokacin geiko ana kiransa kuɗin fure, a da kuma da turaren tsinke ake auna shi, kowane tsinke da ya ƙone an ci wani adadi.

A liyafar da na fara zuwa, baƙi shida ne, uku ba sa jin Japananci. Akwai geiko biyu da maiko ɗaya. An yi rawa biyu gajeru, aka yi wasannin hannu masu kama da na yara, wanda ya faɗi ya sha. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Akwai wani dattijo a ƙarshen layi da hira ta wuce shi, ya yi shiru yana juya kofi. Babbar geikon, wadda take kaɗa shamisen, ko kallonsa ba ta yi ba, sai na ga ta ɗan karkata kai ga maikon. Yarinyar ta tashi ta zaga ta durƙusa gefensa, ta tambaye shi yaya damina take a ƙasarsu. Cikin minti biyar shi ne yake ba ɗakin labari, ni ina fassarawa. Da aka gane ba na shan giya, ba wanda ya ce uffan, kawai sai na ga an ajiye mini shayi mai sanyi, aka ci gaba da cika shi har aka tashi. Wannan karanta ɗaki, da riƙe sirrin duk abin da aka ji a ciki, shi ne rabin sana'ar, kuma ba a makaranta ake koyonsa ba.

Maganar ƙawarki

Yanzu ga inda ruwan ya yi tsami. Kafin yaƙin duniya na biyu, yara mata da yawa ba da son ransu suka shiga ba. Iyaye matalauta sukan karɓi kuɗi su miƙa 'yarsu tun tana ƙarama, musamman a shekarun yunwa irin na farkon 1930 a arewa maso gabashin ƙasar. An yi dokar 'yanta irin waɗannan mata tun 1872, amma bashin ya ci gaba da ɗaure su da wani suna. Abincinta da kimononta da kuɗin darasi duk ana rubutawa a kanta. Akwai kuma al'adar mizuage, inda wani attajiri yake biyan kuɗi mai yawa don ya zama namijin farko ga yarinyar da ta kai munzali. Wannan ya faru, zalunci ne, kuma duk wanda ya ce ƙage ne bai yi wa waɗannan matan adalci ba. Dokar hana karuwanci ta 1956, wadda ta fara aiki sosai a 1958, ita ta rufe wannan babin a hukumance. Akwai kuma danna, attajirin da yake ɗaukar nauyin geiko na tsawon shekaru, kuma sau da yawa alaƙar takan wuce ta kuɗi. Yau abin ya yi ƙaranci ƙwarai, ba kuma dole ba ne.

Sai abin da ya zo daga waje. A 1944 aka rufe unguwannin, aka tura matan masana'antun yaƙi. Bayan Japan ta sha kaye a 1945, sojojin Amurka suka cika ƙasar, mata masu zaman kansu suka riƙa sa kimono suna kiran kansu geisha don sunan yana sayuwa. Sojojin suka koma gida da wannan fahimtar, ta bazu a duniya. A garuruwan wanka na ruwan zafi ma an daɗe ana samun masu amsa sunan geisha da iyakarsu ba ta fito fili ba. Littattafai da finafinan Turawa suka ƙara gishiri. Mineko Iwasaki, wadda ta yi fice a Gion a shekarun 1960 da 1970, har ƙara ta kai wani marubuci Ba'amurke a 2001 kan yadda ya yi amfani da hirar da suka yi, aka sasanta a wajen kotu a 2003.

Ba zan ce miki yau komai fes yake ba. Maiko ba ta da albashi. Gidan ne yake ci da ita, ya tufatar da ita, ya biya darasi, ya ba ta kuɗin kashewa, abin da ta samo kuma na gidan ne har ta cika shekarun da aka yi yarjejeniya, galibi biyar ko shida. Masu kare tsarin suna cewa kimono ɗaya na iya cin miliyoyin yen, kuɗin Japan, kuma kowane wata da irin nasa, ba yarinyar da za ta iya wannan da kanta. Gaskiya ne. Amma a 2022 wata da ta taɓa yin maiko ta fito a Twitter ta ce an sa ta shan giya tana da shekara 16, alhali dokar ƙasar 20 ce, kuma wasu baƙi sun ci zarafinta. Maganar ta tayar da ƙura a Japan. A ganina tambayar da ta taso daidai ce: yarinyar da ba ta kai shekarun shan giya ba, tana aiki har tsakar dare a ɗakin da manyan maza suke sha, ba ta da matsayin ma'aikaciya a fili, wa za ta kai wa kuka in wanda ya yi mata laifi babban abokin cinikin gidan ne? Sirrin da yake kare baƙo yana iya zama bango a gaban yarinya.

Mu kuma a namu ɓangaren, ba sai na gaya miki ba, zama ana zuba wa maza giya ba abu ne da addininmu da tarbiyyarmu za su karɓa ba, kuma ban zo in ƙawata miki shi ba. Abin da nake so ki riƙe shi ne bambanci tsakanin cewa sana'a ba ta dace da mu ba da kuma jifan mai yinta da abin da ba ta aikata ba.

Geiko da ta cika shekarunta tana iya barin okiya ta kama gidanta, ta riƙe kuɗinta, ta sayi kimononta. Babu shekarun ritaya, akwai masu aiki har sun haura tamanin. Wasu sukan buɗe nasu gidan shayin ko su gaji okiya. Amma a Kiyoto, in za ta yi aure sai ta bar sana'ar, ta zaga ta raba 'yar kyautar sallama ga malamai da gidajen da ta yi hulɗa da su. Haka malamata ta yi tana da shekara ashirin da bakwai.

In Allah ya kai ki Kiyoto kika gamu da maiko a lungu da yamma, aiki za ta, lokacinta kuma an riga an biya. Masu yawon buɗe ido sun matsa musu da bi da tare hanya da jan hannun riga, har a 2019 mazauna Gion suka kafa allunan hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, da tarar yen 10,000, a 2024 kuma suka fara hana shiga wasu lungunan gaba ɗaya. Ki ba ta hanya ta wuce. In rawar kike son gani, ki nemi tikitin Miyako Odori a watan Afrilu, wanda ake haɗawa da shan shayi. Geiko ce za ta dama shi a gabanki kafin a buɗe labule, ɗan farantin da aka ba ki alewa a kai kuma naki ne, ki tafi da shi gida.